Tarihin Kwarmin Karoo: Aikin Ƙanƙara da Tsaunuka da Narkakken Dutse a Ƙasa Guda

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta ya san cewa ƙasa hawa-hawa ce. Mahaƙi yakan fara da turɓaya, ya shiga jan yumɓu, ya iske marmara, sa'an nan ya kai ga rairayi mai ruwa. A kan wannan sani ne masana duwatsu suka kafa wata ƙa'ida tasu, watau cewa kowane hawa shaida ne na wani zamani, kuma na ƙasa ya girmi na sama, muddin ba wani abu ne ya zo daga baya ya birkita su ba. Inda irin waɗannan hawa-hawa suka fi taruwa shi ne wurin da ɓawon duniya ya lotsa, ya zama babban masaki wanda koguna da iska da teku suke zuba wa tsakuwa da rairayi da laka har tsawon miliyoyin shekaru. Irin wannan wuri shi za mu riƙa kira kwarmi a cikin wannan maƙala. A cikin kwarmi ne ake samun kwal da man fetur da iskar gas da mafi yawan ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka nazarinsa ba sha'awar masana kaɗai ba ce.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abin da kwarmi ya tara daban ne, abin da ya rage masa kuma daban. Bai isa a san irin lakar da ta kwanta a cikinsa ba, sai an san abin da ya same ta bayan ta kwanta, da kuma wanda ya riga wani a cikin abubuwan da suka same ta. Domin bayyana haka an zaɓi kwarmin Karoo, wanda ake furtawa Karu, a Afirka ta Kudu, saboda da wuya a sami wani wuri inda mamayar ƙanƙara da tasowar tsaunuka da kutsen narkakken dutse suka bar shaidarsu ɗaya bisa ɗaya a fili kamar can. Za a bi su bi da bi, sa'an nan a duba abin da suka gadar wa mutanen da ke zaune a wurin.

2.0 Wurin da Shimfiɗarsa

Sunan Karoo ya samo asali ne daga harshen mutanen Khoe, kuma yana nuni ga busasshiyar ƙasa. Duwatsun da ake kira da wannan suna sun rufe kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Afirka ta Kudu, har da ƙasar Lesoto. Sun fara taruwa wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, suka daina wajen shekara miliyan 183 da suka wuce, watau kimanin shekara miliyan 120 ke nan ana zubi. Idan aka haɗa kaurin hawa-hawan a gefen kudu, zai kai wajen kilomita 12, amma idan aka yi arewa sai ya yi ta raguwa. Wannan rashin daidaito yana da muhimmanci, za mu kuma dawo kansa.

Masana sun kasa duwatsun gida biyar, daga ƙasa zuwa sama: Dwyka, wanda ƙanƙara ta ajiye, Ecca, wanda ya kwanta a teku da bakinsa, Beaufort, na koguna da fadamu, Stormberg, wanda ya ƙare da rairayin hamada, da Drakensberg, wanda narkakken dutse ne da ya malala ya daskare. A ƙarƙashinsu duka, ta wajen kudu, akwai wasu tsofaffin duwatsun rairayi da na yumɓu na yankin Kef, watau ƙurewar kudancin Afirka, waɗanda suka taru tsakanin shekara miliyan 500 da 330 da suka wuce. Su ne suka yi tsaunin nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke bayan birnin Kef.

Dole mai karatu ya riƙe cewa a duk tsawon wannan zamani Afirka ba ita kaɗai take ba. Tana manne da Amurka ta Kudu da Antatika da Indiya da Ostireliya a dunƙule guda, wanda ake kira Gondwana. Karoo tana kusa da gaɓar kudu maso yamma ta wannan babban dunƙule.

3.0 Zamanin Ƙanƙara

3.1 Shaidar da ta bari

Dutsen Dwyka ba ya kama da abin da ruwa yake ajiyewa. Ruwa mai tankaɗe ne, yakan ware tsakuwa gefe, rairayi gefe, laka gefe. Shi kuwa Dwyka gauraye yake, manyan duwatsu da ƙanana suna nutse a cikin daskararriyar laka kamar gyaɗa a cikin alewa, kuma da yawa daga cikinsu an goge musu fuska an karce su. A shekarar 1870 Peter Sutherland ya buga bayanin cewa ƙanƙara ce ta ajiye irin wannan dutse a yankin Natal. Dalili kuwa shi ne, idan dusar ƙanƙara ta taru shekara da shekaru ba ta narke ba, takan dunƙule ta yi kauri har nauyinta ya sa ta riƙa jan ciki a hankali, tana kwasar duk abin da ta tarar, tana kuma kartar dutsen da ke ƙarƙashinta da shi. A Nooitgedacht, kusa da Kimberley, har yanzu ana ganin falalen dutse sumul da layukan wannan karta a miƙe, kuma a kan falalen ne mutanen da suka zauna wurin daga baya suka sassaƙa zanen dabbobinsu.

A kudancin kwarmin kaurin Dwyka ya kai wajen mita 800, kuma a nan ƙanƙarar cikin teku ta shiga. An gane haka ne domin ana samun lallausar laka mai siraran layuka da wani ƙaton dutse a tsakiyarta shi kaɗai, ya lotsa layukan da ke ƙarƙashinsa. Ba abin da zai kai irin wannan dutse tsakiyar ruwa mai kwanciya sai curin ƙanƙara da ya ɗauko shi yana yawo, ya narke, ya sake shi. Daɗin daɗawa, a cikin duwatsun da aka tsinta akwai gutsattsarin farar ƙasa masu burbushin wasu tsofaffin halittun teku waɗanda babu mahaifarsu a Afirka ta Kudu, amma akwai ta a Antatika. Johan Visser, wanda ya daɗe yana nazarin Dwyka, ya nuna cewa ƙanƙarar ba zuwa ɗaya ta yi ba, ta yi ta matsowa tana ja da baya, kuma ana iya ƙirga manyan zagaye huɗu a cikin duwatsun.

3.2 Dalilin zuwanta da tafiyarta

Gondwana ba a tsaye take ba, ta yi ta gusawa a kan ƙurewar kudu ta duniya. Wajen shekara miliyan 445 da suka wuce, arewacin Afirka ne yake kusa da wannan ƙurewa, shi ya sa ake samun kartar ƙanƙara ta wancan zamani a tsakiyar Sahara, a duwatsun Tassili na Aljeriya da yankin Jado na arewa maso gabashin Nijar. Ƙanƙarar wancan lokaci ta taɓa yankin Kef ma, ta bar wani siririn hawa a cikin duwatsunsa. Bayan kamar shekara miliyan 140, sai ya zamana kudancin Afirka da Antatika ne suke wurin sanyi. Ga shi kuma a lokacin iskar kabon ta yi ƙaranci a sararin sama. Da Gondwana ta ci gaba da gusawa, iskar kabon kuma ta ƙaru, sai ƙanƙarar ta janye daga Karoo wajen shekara miliyan 290 da suka wuce.

Waɗannan alƙaluma ba kintace ba ne. A tsakanin hawa-hawan akwai siraran layukan tokar aman wuta, a cikin tokar kuma akwai ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira zarkon. Zarkon yakan kama yuraniyam sa'ad da yake ƙulluwa, yuraniyam kuwa yana rikiɗa ya zama dalma a kan wani ma'auni sananne da ba ya sauyawa. In aka auna yawan wannan da na wancan, sai a san shekarun ƙwayar. Ta haka aka sami shekara miliyan 302 zuwa 297 a tokar da ke cikin Dwyka, da kimanin 289 a wadda ke bisansa kaɗan.

3.3 Gadon da ta bari

Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya cika kwarmin ya zama wani faffaɗan teku na cikin ƙasa, duwatsun Ecca suka fara kwanciya. Biyu daga cikinsu su ne suka fi damun mu. Na farko shi ne hawan Whitehill, baƙin dutsen yumɓu mai cike da ragowar halittu, wanda ya kwanta a ƙasan ruwan da babu iskar shaƙa, don haka abin da ya mutu bai ruɓe ba. Idan ya sha rana da ruwa yakan yi fari. A cikinsa ake samun ƙasusuwan Mesosaurus, wata 'yar dabba mai rarrafe ta ruwa wadda ba ta wuce mita 1 ba, kuma ana samun ita wannan dabba a cikin irin wannan dutse a Barazil. Na biyu shi ne hawan Vryheid a arewa maso gabas, inda koguna suka yi fadamu a cikin kwaruruwan da ƙanƙara ta riga ta fafe. A nan dazuzzukan wata itaciya mai suna Glossopteris suka yi ta mutuwa suna taruwa, suka zama kwal ɗin yankunan Witbank da Ermelo. Ke nan tudu da kwarin da ƙanƙara ta sassaƙa su ne suka tsara inda kwal zai yi kauri da inda zai tsinke. A shekarun 2010 fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutar lantarkin Afirka ta Kudu daga kwal ake samun ta.

4.0 Tasowar Tsaunuka

4.1 Yadda tsauni ke haifar da kwarmi

A kudu da Karoo akwai jerin tsaunukan Kef, irin su Swartberg, waɗanda wasu kawunansu suka wuce mita 2,000. Wanda ya bi ta mashigansu zai ga hawa-hawan dutsen rairayi an nannaɗe su kamar zane, wasu a tsaye, wasu ma a kife. Abin da ya jawo haka shi ne matsi daga kudu, domin a wancan zamani ɓawon ƙasan babban teku yana kutsawa ƙarƙashin gaɓar Gondwana. Alexander du Toit, a cikin littafinsa na 1937, ya nuna cewa waɗannan tsaunuka yanki ne na wani dogon jeri da ya tsinke, wanda sauran gutsattsarinsa suke Ajantina da Antatika da gabashin Ostireliya. Ya yi wannan magana ne a lokacin da mafi yawan masana ba su yarda cewa nahiyoyi suna gusawa ba.

Dangantakar tsauni da kwarmi kamar ta mutum ce da katifa. In mutum ya zauna a bakin katifa, ba inda ya zauna kaɗai ke lotsawa ba, har da gefensa, kuma lotsawar ta fi zurfi kusa da shi. Haka ɓawon duniya yake yi in aka ɗora masa nauyin tsaunuka. Sa'an nan su tsaunukan da kansu su ne suke zaizayewa su cika ramin da suka yi. Wannan ya dace da abin da aka ambata a baya, cewa Karoo ta fi kauri a kudu. A kan haka ne Octavian Catuneanu da abokan aikinsa suka bayyana a 1998 cewa tarihin kwarmin duka ana iya karanta shi da ƙaruwar nauyin tsaunukan Kef da raguwarsa.

4.2 Inda masana suka saɓa

To, amma akwai matsalar lokaci. A 1983 Hälbich da abokan aikinsa sun ba da matakai huɗu na naɗewar tsaunukan, watau shekara miliyan 278, da 258, da 247, da 230 da suka wuce, awon da aka yi daga baya kuma ya tattara mafi yawan aikin tsakanin 275 da 250. Ke nan Dwyka ya riga ya kwanta tun kafin a fara. Bugu da ƙari, a gefen kudu, wajen Laingsburg, Dwyka da Ecca su ma an naɗe su tare da duwatsun Kef, abin da ke nuna cewa naɗin ya zo bayansu. Tsakuwar da babu shakka daga tsaunukan Kef ta gangaro kuwa, sai a hawa-hawan sama ne take bayyana sosai. Saboda haka a 2009 Anthony Tankard da abokan aikinsa suka kawo wani ra'ayi, cewa lotsawar farko ba nauyi ne daga sama ya jawo ta ba, ja ne daga ƙasa, watau motsin zazzafan dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, kuma sai daga baya ne nauyin tsaunuka ya karɓi aikin.

A ganin mai wannan maƙala, darasin da ke cikin wannan saɓani ya fi hukuncinsa amfani. Siffar kwarmi kaɗai ba ta isa hujja a kan abin da ya haife shi ba, domin dalilai biyu mabambanta suna iya ba da siffa guda. Awon shekaru ne yake raba gardama, kuma ba laifi ba ne a ce kwarmi ɗaya ya sauya dalilin lotsawarsa a tsakiyar rayuwarsa.

4.3 Daga teku zuwa hamada

Ko da wane ra'ayi aka ɗauka, sakamakon a bayyane yake. Laka da rairayi sun yi ta kwararowa daga kudu har suka cike tekun Ecca, wurin ya koma filin koguna masu karkace-karkace, watau duwatsun Beaufort. A nan ne Andrew Geddes Bain, wani mai aikin gina hanyoyi, ya tsinci ƙoƙon kan wata dabba mai haure biyu a 1838, wadda Richard Owen ya raɗa wa suna Dicynodon a 1845. Tun daga nan an tono dubban ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi, masu rarrafe ne amma da wasu siffofin masu shayarwa, kuma daga zuriyarsu ne masu shayarwa suka fito. Ɗaya daga cikinsu, Lystrosaurus, an same ta a Antatika a 1969, abin da ya ƙara gaskata du Toit bayan rasuwarsa.

A cikin Beaufort ne kuma aka sami shaidar babbar halakar da ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce, wadda ta shafe fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in halittun teku, kuma mafi yawan masana suna danganta ta da malalar narkakken dutse a Saberiya. Kusa da wannan iyaka, kogunan Karoo sun sauya hali, suka bar karkace-karkace suka zama faffaɗan rairayi mai rassa. Wasu masana sun ce mutuwar tsirran da ke riƙe gaɓa ce ta jawo haka, wasu suka ce sabon tashin tsaunukan Kef ne ya ƙara wa ƙasar gangare. Nan ma an ga wahalar rarrabe aikin yanayi da aikin tsauni a cikin dutse guda.

Daga nan ƙasar ta yi ta bushewa. Duwatsun Stormberg sun fara da koguna masu dazuzzuka, suka koma jar laka mai ƙasusuwan dinoso, inda James Kitching ya sami ƙwayayen Massospondylus a 1976, suka ƙare da tuddan rairayin hamada. Ƙasar da ta fara a ƙarƙashin ƙanƙara ta ƙare a ƙarƙashin rairayi.

5.0 Kutsen Narkakken Dutse

Wajen shekara miliyan 183 da suka wuce zubi ya tsaya, domin narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ɓawon duniya da yawan da ba a saba gani ba. Wanda ya kai sarari ya malala hawa bisa hawa, ragowarsa ita ce tsaunukan Drakensberg da Lesoto, inda kaurinsa ya kai wajen mita 1,400, kuma a kansa ne ƙololuwar Thabana Ntlenyana take, mai tsawon mita 3,482. Wanda bai kai sarari ba ya kutsa cikin hawa-hawan kwarmin ya daskare, ya zama baƙin dutse mai tauri da ake kira dolarait. Kutsen iri biyu ne. Akwai na kwance, wanda ya bi tsakanin hawa biyu ya shimfiɗu, kaurinsa wani lokaci ya wuce mita 100, sau da yawa kuma gefensa yakan ɗaga ya yi siffar akushi. Akwai na tsaye, wanda ya bi tsaga ya zama kamar katanga a cikin ƙasa, tana tafiyar kilomitoci. Awon zarkon da Henrik Svensen da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna cewa na kwancen sun shiga ne a cikin abin da bai kai shekara miliyan ɗaya ba, wanda a lissafin duwatsu ɗan lokaci ne ƙwarai. A daidai wannan lokaci irin haka ta faru a Antatika, kuma ba da daɗewa ba Gondwana ta fara tsagewa.

Narkakken dutsen da zafinsa ya wuce digiri 1,000 ba ya shiga cikin laka ya bar ta yadda ya same ta. Inda ya ratsa baƙin dutsen Ecca ya gasa ragowar halittun da ke ciki, gas ya taru, ya fasa dutsen da ke bisansa ya fice. An gano dubban irin waɗannan mafitai a yammacin Karoo, ramuka ne a tsaye cike da farfasasshen dutse. A 2007 Svensen da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa gas ɗin da ya fita ta nan ya taimaka wajen ɗumamar duniya da ƙarancin iskar shaƙa a tekuna da aka sani sun auku a wannan zamani. Ana muhawara a kan yawan gas ɗin, amma haɗuwar lokutan biyu tabbatacciya ce.

Fuskar Karoo ta yau ma dolarait ne ya zana ta. Da zaizaya ta cinye dutsen yumɓu mai taushi, sai na kwancen ya rage a kan tuddai kamar faifai a bakin ƙwarya, shi ya sa tuddan wurin suke da shimfiɗaɗɗen kai.

6.0 Abin da Ya Rage wa Mutanen Wurin

Yanzu sai mu koma ga maganar da aka fara da ita. A 2011 hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana iya fitar da gas kubik-ƙafa tiriliyan 485 daga baƙin dutsen Karoo, a 2013 ta rage zuwa 390. Kamfanoni suka nemi izinin bincike, manoma da makiyaya suka tashi tsaye domin tsoron abin da fasa dutse da ruwa mai sinadari zai yi wa rijiyoyinsu, har gwamnati ta dakatar da ba da izini a 2011, ta janye dakatarwar a 2012. A 2015 aka haƙa rijiyoyin bincike biyu aka auna gas ɗin da ke cikin dutsen kansa. Sakamakon da Michiel de Kock da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wajen tiriliyan 13.

Me ya kawo wannan tazara? Ƙiyasin farko ya dogara ne ƙwarai a kan abin da kwarmin ya tara, watau faɗin hawan Whitehill da kaurinsa da yawan ragowar halittun da ke cikinsa. Awon baya kuwa ya iske abin da ya rage. A kudu, inda dolarait bai kai ba, zurfin binnewa da zafin naɗewar tsaunukan Kef sun riga sun dafa dutsen fiye da kima. A sauran wurare kuma dolarait ya gasa shi ya kori gas ɗin. Abin da narkewar ƙanƙara ta ajiye, tsauni da wuta sun kashe mafi yawansa tun kafin a yi mutum a duniya. Haka abin yake ga kwal: inda dolarait ya matso kusa ya ƙone shi ya zama banza, inda ya tsaya daga nesa kaɗan ya ƙara masa daraja, kamar a wasu ma'adinan Natal.

Sai dai wutar da ta ɓata gas ita ce ta gyara ruwa. Duwatsun Karoo a matse suke, ba sa barin ruwa ya ratsa su da sauƙi, ga shi ruwan sama a yankuna da dama bai wuce milimita 250 a shekara ba. Amma a gefen katangun dolarait dutsen ya tsattsage saboda zafi da sanyaya, ruwa yana bin tsagogin, katangar kuma tana tare shi. Tun da daɗewa mahaƙan rijiyar burtsatse a can suka san cewa gefen katanga ake nema, a nan ake yawan ganin famfunan iska. Garin Beaufort West, wanda madatsar ruwansa ta ƙafe a 2010, da irin waɗannan rijiyoyi ya rayu, tare da matatar sake tace ruwan da aka yi amfani da shi, wadda ta fara aiki a 2011. Tsoron manoma ma a nan ya sami tushe, domin tsagar da ke kai ruwa ƙasa tana iya kawo wani abu sama.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙanƙara ta sassaƙa gindin kwarmin Karoo, narkewarta ta bar teku da fadamu. Yadda tsaunuka suka zurfafa shi, suka cika shi, suka naɗe gefensa. Da yadda narkakken dutse ya rufe shi ya kuma gasa cikinsa. Babu ɗaya daga cikin ukun da za a fahimci aikinsa in an ware shi, domin kowanne a kan abin da na gabansa ya bari ya yi aiki.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Kwarmin Binuwai ya buɗe ne sa'ad da Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka, watau ci gaban wannan tsagewa ta Gondwana da aka ambata. Shi ma ya tara baƙar lakar teku, shi ma narkakken dutse ya kutsa shi, shi ma an matse shi an naɗe wajen shekara miliyan 85 da suka wuce, musamman a yankin Abakaliki, inda tsofaffin duwatsun yumɓu suka dahu fiye da kima, alhali kwal ɗin Inugu, wanda ya kwanta bayan naɗin, ya tsira. Saboda haka duk lokacin da aka zo mana da labarin arzikin da ke kwance a wani kwarmi, ko na Binuwai ne, ko na Cadi, ko na Sakkwato, tambayar da ta kamata ɗalibanmu da hukumominmu su yi ba ta tsaya ga irin dutsen da ke wurin ba. Sai an tambayi shekarunsa, da zafin da ya sha, da lokacin da ya sha shi, kuma ba a samun amsar waɗannan sai an haƙa an auna.